RUMBUN ƘASA

Shafi na 11

Da sunan Allah, mai kai baƙo masauki.

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, wuta ce ba mu gani ba, wayar ma a shagon caji ta yini. Hajiya Furera da ta ce in ban turo yau ba za ta biyo ni har gida, ga shi nan, ki yi zamanki, rana ta yi zafi.

*

Kwanan su Falta shida a Tudun Kanya, amma har yanzu in ta farka sai ta jima tana kallon kwanon rufi kafin ta tuna inda take.

Gidan na Alhaji Kashim ne, kawun mijinta Madu, wanda ya fi shekara talatin yana sayar da busasshen kifi a Kano. Gida dai sunansa gida. Ɗaki biyu aka rufa, ba fulasta, tagogin da buhun siminti aka toshe su, katangar baya kuwa ko kafaɗar mutum ba ta kai ba. Ta gabas sababbin gine-ginen mutanen birni ne, ta yamma gonaki an jibge musu taki ana jiran ruwa. Ƙarshen Ungogo ke nan, inda ba ka sanin a gari kake ko a ƙauye.

Ranar da motar kifin Alhaji ta sauke su, ya ce kada su je wajen Mai Unguwa su kaɗai, su bari ya dawo daga Kudu ya kai su da kansa. A shekarun nan, baƙon da ya fito daga Barno ba ya gabatar da kansa, sai dai a gabatar da shi. To Alhaji ya tafi, kuma tun shekaranjiya wayarsa ba ta shiga.

Rana ta ɗaga sosai, Falta na bakin murhu tana dama wa 'yarta Amsa kunu, sai ta ji sallamar Inna Hure.

Inna Hure ce maƙwabciyarsu ta bayan katanga. Bafulatana ce, don haka tun ranar farko da ta ji su Barebari ne ta ɗaura wasa. Kullum in ta shigo sai ta ce, "Ina bayin nawa, an tashi?" Ita ta ara musu turmi, ita ta nuna wa Falta rijiyar da ba a biya.

Yau ba ta ce bayi ba.

"Maman Amsa, ina maigidan?"

"Ya tafi kasuwar Dawanau tun da aka idar da asuba, Inna. An ce ana ɗaukar masu dako."

"Yaushe zai dawo?"

"Ya ce in bai samu ba, azahar a gida za ta yi masa."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi rana. Ta nemi bakin ƙofa ta zauna, ba ta ko jira tabarma ba.

"'Yar nan, na yi ɓarna."

Ludayin ya tsaya a hannun Falta.

"Shekaranjiya na hau turmi ina tsinkar zogale. Sai na hango mijinki a bayan ɗakin nan, cikin rami har ƙugu. Na ga ya saka buhu, ya mayar da ƙasa, ya bi ya daddaɓe, ya share wajen tas, ya jawo randa ya ɗora a kai."

"Hatsi ne, Inna."

"Ni ma ban ce wani abu ba ne. Jiya muna cin tuwo na ɗauko labarin don a yi dariya. Na ce Barebarin nan nawa rowa ta kai su har binne buhu suke yi."

"To?"

"To Sama'ilu bai yi dariya ba."

Falta ta san Sama'ilu, ko da yake bai taɓa amsa gaisuwarta da fiye da kalma ɗaya ba. Ɗan Inna Hure ne, shi ne shugaban 'yan sintirin unguwa. Ta kuma san labarin wansa Basiru, direban bas, wanda ya fita aiki wata safiya shekara biyu da suka wuce, abu ya tashi a tashar mota a cikin gari, ko gawarsa ba a samu cikakkiya ba.

"Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya fita," in ji Inna Hure. "Da safen nan na ji suna wajen Mai Unguwa. Yanzu haka suna tafe."

Kunun ya fara kamawa, Falta ba ta ji ƙaurin ba.

"Inna, wallahi hatsi ne. Dawa ce buhu biyu."

"To dawa gawa ce da za a binne ta? Ga ɗaki nan fanko."

"A wajenmu haka ake yi. Rumbunmu a ƙasa yake. A haƙa rami, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a zuba hatsi, a rufe. Shekara uku sai ya yi bai lalace ba."

Falta ta ajiye ludayin, ta ci gaba.

"Da aka ƙone garinmu, duk wanda ya ajiye abincinsa a ɗaki toka ya tarar. Mu irin ramin nan ne ya tsirar mana da buhu biyun nan. Baban Amsa ya ce shi da ajiye abinci a sama har abada."

Inna Hure ta dube ta. Can ta sa gefen mayafi ta share ido.

"Bakin nan nawa, Allah ya shirye shi."

Ni kuwa na ce Inna, an yi latti. Magana zarar bunu ce.

*

Ba a fi minti goma ba aka buga ƙofar soro.

"Salamu alaikum. Masu gida."

Falta ta zura hijabi, ta ɗauki Amsa ta saɓa, ta tsaya daga cikin soro a bayan ƙyauren ƙarfe. Ta kafar ƙofa ta hango su. Tsoho ɗaya a gaba, farar riga ta sha jiki, ƙafarsa duk ƙurar gona. Mai Unguwa Nababa ke nan. Sama'ilu na gefensa. A bayansu kuwa samari ne, ta ƙirga ta kai sha biyu ta daina. Wasu da gora, ɗaya da shebur.

"Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi."

"Maigidan fa?"

"Ya fita nema, ranka ya daɗe."

"Ya sunansa?"

Ta ɗan yi jim. Ba ta saba kiran sunan a gaban manya ba, amma yau ba ranar kunya ba ce.

"Madu."

"Daga ina?"

Ta faɗi sunan garin. Sai ta ji ƙus-ƙus ya tashi a bayan tsohon. Sunan garin nasu ya sha fitowa a rediyo, kuma ba a taɓa faɗarsa da alheri ba.

"Wa ya sauke ku a nan?"

"Alhaji Kashim mai kifi. Kawun maigidan ne."

"Na san Alhaji, ni na sa hannu da ya sayi filin nan. To me ya hana shi kawo ku wajena? Kwana shida kuna cikin unguwata, a bakin mutane nake jin labarinku."

"Ya ce mu jira ya dawo."

Mai Unguwa ya zaro waya daga aljihu, ya nisantar da ita daga idonsa ya lalubo lamba. Ya sa ta a fili kowa na ji. Muryar matar nan ta kamfani ta ce lambar a kashe take. Ya sake, haka dai.

"Maigidan naki yana da katin shaida?"



"Babu, ranka ya daɗe."

"Ko na zaɓe?"

"Ya jefar a hanya."

"Ya jefar," Mai Unguwa ya maimaita.

"A hanyar da muka biyo, in mutanen daji suka tare ku suka ga kati a aljihunka, ba ka wucewa. Kowa jefarwa yake."

Sama'ilu ya yi magana a karon farko, kuma ba da ita yake ba.

"Ka ji ko, Baba? Ba kati, ba mai masauki, ga rami."

"Na ji, Sama'ilu. Kunnena ƙalau."

"Haka aka yi a unguwar su abokina. Shiru-shiru, ba ruwansu da kowa, sallah a sahun gaba. Sai da jami'ai suka zo aka tono abin da aka tono."

"Hatsi ne," in ji Falta. Hausar ma in tsoro ya kama ta guduwa take yi, sai ta riƙa lalubo kalma ɗaya-ɗaya. "Dawa ce. Buhu biyu."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya marar daɗi.

"Ƙasar Kano ce ba ta da dawa da sai an taho da ita daga Barno an binne?"

Inna Hure ta ture ƙyauren ta leƙa.

"Kai Uwaisu, da wa kake? Ni na ga abin, ni na faɗa, kuma yanzu ni nake ce muku al'adarsu ce."

"Inna, ki koma gida," in ji Sama'ilu.

"Ba zan koma ba."

"Inna, Yaya Basiru ma da safe ya yi miki sallama lafiya lau."

Tsohuwar ta ja jiki ta koma cikin soro.

Gaskiya ni ban ga laifin Sama'ilu ba, ban kuma ga na Madu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Matsalar ita ce su biyun duk an sare su, kuma kowa ɗan'uwansa yake gani tsumman.

Mai Unguwa ya gyara murya.

"Ku saurara. Ba a shiga gidan matar aure mijinta ba ya nan, ba a kaina za a fara ba. Za mu zauna a gindin darbejiyar can mu jira shi. In ya zo shi zai tona da hannunsa. In hatsi ne, mu ba shi haƙuri. In ba hatsi ba ne, in kira waɗanda aikinsu ne."

Ya juya ya nufi inuwa. Mutanen suka bi shi, amma ba duka ba.

Falta na nan tsaye a bayan ƙyaure. Samari uku suka raɓe a jikin bangon soron, ba su san tana jin su ba.

"Tsohon nan sanyinsa ya yi yawa. In maigidan ya shigo ya kusanci ramin, wa ya san abin da zai danna?"

"A bakin titi adaidaita ke sauke shi."

"Ka gane shi?"

"Dogo ne, ga zane a fuska. Ko cikin mutum dubu."

"To mu tare shi a can. Ya yi bayani a ƙasa."

Ta ji takunsu ya nufi titi.

Ta san irin bayanin da ake yi a ƙasa. Ta gani da idonta a wani gari da suka yada zango, mutum ya fito sayen sabulu wani ya nuna shi da yatsa, kafin a gano malamin makaranta ne an gama. Kuma ta san mijinta. Madu in an tare shi ba ya iya magana, sai dai ya tsaya yana kallon mutane, wannan kallon nasa da wanda bai san shi ba zai ce taurin kai ne.

Inuwar katanga ta kusa komawa gindinta. Azahar ta matso.

Ta miƙa wa Inna Hure yarinyar. Ta ja ƙyauren ya buɗe gaba ɗaya, ta fita har tsakiyar rana.

"Ranka ya daɗe."

Duk aka juyo.

"Ku shigo ku haƙa. Yanzu."

"'Yata, na ce sai mijinki..."

"Ni na ba da izini. In ya yi faɗa ni zai yi wa. Amma a kira waɗanda suka tafi titi, su ma su zo su gani da idonsu."

Mai Unguwa ya dubi hanyar titi, ya dubi Sama'ilu. Sama'ilu ya sunkuyar da kai. Tsohon ya gane.

"Uwaisu, ruga ka dawo min da su. Ka ce ni na ce."

Ya taso ya tsaya a gabanta, ya rage murya.

"Kafin mu shiga, ki gaya min tsakaninki da Allah. Kina wajen aka rufe ramin nan?"

Tana wajen aka haƙa. Ita ta roƙo ƙaiƙayi a wajen masu sussuka, ita ta kama masa bakin buhu. Amma kafin ya fara sakawa Amsa ta faɗi ta fasa leɓe, ta ɗauke ta ta shiga ɗaki. Da ta fito har ya ɗora randa.

Amma in ta faɗi haka, jira za a koma.

"Ina wajen, ranka ya daɗe."

"Daga farko har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"Ba komai sai hatsi?"

"Wallahi ba komai sai hatsi."

"Ni ma na tsaya mata," in ji Inna Hure daga soro. "In aka ga wani abu a haɗa da ni."

*

Aka kori yara. Matan maƙwabta suka jeru a bayan katanga, kai kawai ake gani. Samarin da ke cika baki a waje, da aka zo bayan ɗaki sai kowa ya nemi nesa da randar. Sama'ilu ne ya tuɓe riga ya karɓi shebur.

"Bismillahi," ya ce, ya kawar da randar.

Ƙasar ba ta yi tauri ba. Yana haƙa yana tsayawa, yana sa hannu yana lalube. Gumi na zuba daga haɓarsa. Ba mai magana, sai ƙarar shebur da kukan wata akuya a gidan Inna Hure.

Shebur ya taɓa wani abu.

Mutane suka ja da baya har wani ya taka wani.

"Zana ce," in ji Falta. "Akwai toka a ƙasanta, saboda ƙwari. Sai ƙaiƙayi. Sai buhu."

Ya ɗaga zanar. Toka. Ya share. Ƙaiƙayi. Ya ɗago ya dube ta, karon farko ke nan da ya dube ta ido da ido.

Buhun farko sai da mutum biyu suka kama aka fito da shi. Sama'ilu ya sa wuƙa ya farke ɗinkin, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya juya, ya sake juyawa. Ya zaro hannun cike da dawa fara sol, manyan ƙwaya.

Wani ya sauke ajiyar zuciya da ƙarfi har aka ji.

Mai Unguwa ya miƙa tafin hannu aka zuba masa. Manomi dai manomi ne. Nan take ya manta da abin da ya kawo shi, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza.

"Wace irin dawa ce wannan? Ba ƙaura ba ce, ba farfara ba."

"Masakwa ce, ranka ya daɗe."

"Yaushe ake shuka ta?"

"Ba a shuka ta, dashe ake yi kamar albasa. In damina ta wuce, ruwa ya janye daga baƙar ƙasa, sai a dasa. Ba ta son ruwan sama."

"Ikon Allah. Dawar da ba ta son ruwan sama." Ya juya wajen mutane. "Kun ji fa."

"Rabi ci, rabi iri," in ji Falta. Sai yanzu ta ji hawaye na zubo mata. "Ya ce ko ba mu koma ba, kada irin gidansu ya ɓata a hannunsa."

Aka fito da buhu na biyu. Shi ma aka farke, aka zazzage rabinsa a kan tabarma don kowa ya gani. Dawa ce.

Inna Hure ta saki guɗa 'yar ƙarama, ta kama bakinta.

"To kun gani. Bayina ba su da laifi sai rowa."

Aka yi dariya, har da matan bayan katanga. Uwaisu da ya yi maganar ƙasar Kano ya sosa ƙeya ya koma bayan mutane.

"'Yata," in ji Mai Unguwa, "ki gaya wa mijinki nan ba Barno ba ce. Ƙasarmu gara gare ta. Da ya bar buhunan nan sati biyu, da ruwan fari ya sauka, abin da zai tono ko kaji ba za su ci ba. In rumbu yake so ya zo in sa a yi masa na kara. Kuma gobe da safe ya same ni a gida, ko da Alhaji ko ba Alhaji, in rubuta sunansa."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Daɗi ya kama Falta har jiri take ji. Kwana shida ba ta yi numfashi ya kai cikinta ba sai yanzu. Har ta fara tunanin ta auni kwano biyu ta aika gidan Mai Unguwa, ɗaya kuma gidan Inna.

Sama'ilu na cikin ramin har yanzu. Ya dafa baki zai fito, ya ce, "Maman Amsa, ki yi haƙu..."

Bai ƙarasa ba.

Ya dubi ƙafarsa. Ya sake taka wajen a hankali. Ya durƙusa ya share ƙaiƙayin da ke can ƙasa.

Baƙar leda ce, an naɗe ta an ɗaure tam da robar tayar keke. Girmanta bai wuce filo ba.

Dariyar ta ɗauke.

"Kin ce buhu biyu," in ji Mai Unguwa.

Falta ta kalli ledar. Ba ta taɓa ganinta ba. Tun daga garinsu har Kano ita ta ɗaure kowane ƙunshi, ita ta kwance, ba ta taɓa ganin wannan ba.

"Ban... ranka ya daɗe, ban san..."

"Kin ce kina wajen har ƙarshe."



"Kada ka buɗe, Sama'ilu," in ji wani. "A kira jami'ai."

"Ba nauyi," ya ce. Ya matsa ta da yatsa. "Tufafi ne."

Ya ɗora ta a bakin rami ya yanke robar.

Hula ce ta fara faɗowa. Sai bel. Sai wando. Sai riga.

Kakin ɗan sanda.

Sama'ilu ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga ta, ta ƙi warwarewa sai da ya girgiza. Daga ƙirji zuwa ƙasa ta bushe ta yi tauri, launin ya koma baƙi-baƙi. Ga huda biyu a gefen hagu. Ba wanda ya tambayi ko menene, duk wanda ya taɓa yanka rago ya san busasshen jini.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mai Unguwa a hankali.

Matan bayan katanga suka fara sulalewa. Inna Hure ta ƙanƙame Amsa, ta ja baya taku ɗaya. Taku ɗaya ne kawai, amma Falta ta gani.

"Akwai suna," in ji Sama'ilu. Ya kankare ƙirjin rigar da farce. "Ja'afaru... Bulama."

Falta ba ta bukaci a karanta mata ba. Idonta na kan maɓallin aljihun dama. Duk sauran da baƙin zare aka ɗinka su, shi kaɗai da kore. Ita ta ɗinka shi, ranar wata Juma'a da ya biyo gidanta cin abinci, ta duba gwangwanin zarenta ba baƙi, ya ce ta sa ko wanne ne, Yaya, wa zai duba.

Ja'afaru ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu suka rage. A ofishin 'yan sandan garinsu yake aiki. Ranar da suka gudu Madu ya koma nemansa, ya dawo shi kaɗai ya ce ya tsallaka iyaka da abokan aikinsa. A hanya sau biyu yana ce mata sun yi waya, layin ne ba kyau, yana gaishe ta, ya ce a shafa masa kan Amsa. Ko jiya da ta tambaya, cewa ya yi ta ƙara haƙuri, zai kira.

"'Yata."

Muryar Mai Unguwa ta canza. Ba faɗa a cikinta, amma sanyin nan ya tafi.

"Kin rantse min da Allah. Yanzu zan sake tambayarki, kuma ki yi tunani kafin ki amsa, don daga bakinki zan san wanda zan kira. Kin san rigar nan?"

Kalma uku ce. Ta ƙanina ce. In ta faɗa, wataƙila gorar da ke hannun samarin nan ta sauka. Ta buɗe baki.

Sai wata tambaya ta tsayar da ita. In ta ƙaninta ce, ya aka yi ta zo hannun mijinta? Me ya sa ya ɓoye? Da wa yake waya?

Shekararta tara da Madu ba ta taɓa jin tsoronsa ba. Yau ta ji, kuma ta ji kunyar jin.

"Ba ta da amsa, Baba," in ji Sama'ilu. Ya fito daga ramin, rigar na hannunsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Sun kashe ɗan mutane, sun taho da kakinsa su yi aiki da shi a nan."

"Sama'ilu, tsaya."

"Na tsaya shekara biyu."

A daidai nan aka ji sallama daga soro.

Madu ne. Ta cikin gonaki ya yanko, shi ya sa ba wanda ya hango shi. Dogo, zane a fuska, kafaɗar rigarsa fari fat da ƙurar buhu. Yana riƙe da 'yar leda mai ƙosai, da alama yau an samu aikin rabin yini. Ya zagayo bayan ɗaki yana murmushin da ya tanadar wa 'yarsa.

Ya ga mutane. Ya ga rami. Ya ga dawarsa a zube a kan tabarma.

Sannan ya ga abin da ke hannun Sama'ilu.

Ledar ƙosan ta faɗi.

Bai kalli Mai Unguwa ba, bai kalli gorar da ta fara ɗagawa a bayansa ba. Matarsa kawai yake kallo.

"Baban Amsa," ta ce da yarensu. "Ina Ja'afaru?"

Ta roƙi Allah a zuciyarta ya sa yau ma ya yi shirun nan nasa, ko ya yi mata ƙarya ɗaya ta ƙarshe. Amma da Hausa ya amsa, a fili, kowa na ji.

"Ni na cire masa ita, Falta. Ni na binne shi."

Can a soro, wani ya tura ƙyauren ƙarfen ya danna sakata.